Ke 'Yar Nan, Kauce

Shekarun baya, tun gashin kaina bai fara ja da baya ba, ina aiki a wani sito na shinkafa da sukari kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Aikina in tsaya a bakin ƙofa in ga an sauke kaya an loda kaya, in kuma yi tafinta idan Larabci ya gagari wani, domin rabin leburorinmu 'yan gida ne, wato waɗanda suka zo daga Najeriya da Nijar. Ni kuwa a nan aka haife ni, a unguwar Ammariyya. Kakana ne ya zo aikin hajji, ya gama, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Har yau jikokinsa muna cikin hutun.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Hausar irinmu, don a kanta labarin nan yake. Iyayenmu maza tun safe suke fita, a waje Larabci suke yi, in sun dawo ma da shi suke yi mana faɗa. Hausa a cikin gida take zaune, a bakin kaka da uwa da gwaggo da yayye mata. Yaro namiji yana tashi yana jin “ke zo nan”, “ke bari”, “oh ni 'yasu”, sai ya ɗauka haka ake yi wa kowa magana. Ni ban gane akwai matsala ba sai ina saurayi, ranar da na je aski wurin wani ɗan Kano. Ya ɗan yanke ni a kunne, na dafe ƙirji na ce, “Wayyo ni 'yasu.” Bawan Allahn nan ya ajiye askarsa, ya fita waje ya yi dariyarsa ya more, sannan ya dawo ya ƙarasa min askin. Tun daga ranar na kulle Hausar gidanmu. A wurin aiki Larabci nake yi, in dole ta kama sai in yi wata busasshiyar Hausa ina auna kowace kalma. Wannan da kuke karantawa ma, matata ce ta yi shekaru tana goge ta.

Abokina shi bai taɓa kulle tasa ba. Lungunmu ɗaya, tare muka tashi. Maraya ne, gwaggonsa ce ta rene shi a gindin kaskon waina, cikin mata masu sayar wa alhazai abinci. Shi ne direban motar ɗaga kaya a sitonmu, kuma ban taɓa ganin mai hannunsa ba. Zai ɗauko jerin buhuna ya ajiye a saman wani ba tare da ko ɗaya ya motsa ba. Kullum da kular abinci yake zuwa, wanda shi ya dafa da kansa, kuma kullum ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya. Duk wanda ya zo aiki bai karya ba ya san inda zai dosa.

Ba zan ɓoye muku ba, ba Hausar kaɗai ba ce. Tafiyarsa da ɗan rangwaɗa, in yana magana hannuwansa suna taya shi, in abu ya ba shi mamaki sai ya riƙe haɓa. Mun yi aure mun bar shi, in an yi masa zancen sai ya ce Gwaggo ta ishe shi hidima. A unguwa an saba da shi, tsofaffi mata suna ji da shi, mazan kuma in za a yi walima shi suke nema. Ni dai ban taɓa tambayarsa komai ba, shi ma bai taɓa ce min komai ba. Ina son sa kamar ciki ɗaya muka fito, kuma wannan ya ishe ni.

Ana nan sai aka kawo mana sabon lebura, wani matashi daga wajen Katsina. Yaro ne mai kamun kai, ba ya shiga hirar banza, sallarsa kan lokaci. Wata safiya yana tsugune yana ɗaure bakin wani buhu da ya fashe, sai jerin shinkafar da ke bayansa ya fara karkacewa. Ba wanda ya lura sai abokina daga kan motarsa. Ya miƙe tsaye ya kwarma ihu:

“Ke! Ke 'yar nan, kauce!”

Matashin ya yi tsalle gefe guda, buhunan suka zube daidai inda yake tsugune. Da sun same shi, da wuya ya sake tashi da ƙafarsa. Kowa ya hau salati. Can sai wani shaƙiyyi daga baya ya maƙale murya ya ce, “'Yar nan, sannu.” Shi ke nan dariya ta ɓarke. Daga ranar sunan matashin ya ɓata, ya koma 'Yar Nan. Har Yamalawa da 'yan Bangaladash da ba su san ma'anarta ba, da ita suke kiran sa.

Ya daure na ɗan lokaci, sannan ya kai ƙara wurin mudir, wato shugaban siton. Ya ce direban nan ɗan daudu ne, ya mayar da shi mace a gaban jama'a, kuma shi ba zai iya aiki wuri ɗaya da irinsa ba. Wanda ya yi masa tafinta ranar ya zaɓo wata kalmar Larabci mai nauyi wadda ba zan rubuta ta a nan ba. A ƙasar nan wannan kalma ba ta tsaya ga zolaya ba, tana iya kai mutum hannun hukuma.

Mudirinmu dattijon Balarabe ne, ba mugu ba, amma ba abin da yake tsoro a duniya kamar fitina. Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

“Ya waladi, ni ba na son mashakil, ba na son rigima,” in ji shi. “In maganar nan ta fita, siton nan za a rufe. Ƙarshen wata zan sallame shi, in yi masa khuruj, ya tafi ƙasarsu salin alin. Halas.”

Sai da na nemi kujera na zauna. Khuruj shi ne bizar fita ba dawowa. Iƙamar abokina, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun kamfanin take, su ne kafilinsa, wato masu tsaya masa a wurin hukuma. Ƙasarsu da mudir yake faɗa kuwa, Nijar ce, wadda sunanta kawai yake ɗauke da shi a fasfo. Bai taɓa taka ta ba, bai san kowa a cikinta ba. Ga Gwaggo ta tsufa, idonta ya soma tafiya, ba ta da kowa sai shi.

Da azahar na same shi a inuwar bayan sito yana zuba wa mutane shinkafa da miyar kuɓewa. Na jira suka watse na gaya masa. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya daɗe yana goge ludayi da tsumma, sannan ya ɗago.

“Ke, in an sauke ni a can, wa zan ce ina nema?” Ya ajiye ludayin. “Kuma wa zai riƙa ɗiga wa Gwaggo maganin ido? Kin san ba ta yarda da hannun kowa.”

Na ce masa ya bar min, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Muna da wani maƙwabci mai aikin bin takardu a ma'aikatu, ya san hanyar ofishin ƙwadago kamar hanyar masallacin unguwa. Na je masa da zafina, na ce ƙara za mu kai, ai ba a korar mutum don tafiyarsa ko maganarsa. Ya bar ni na gama, ya zuba min shayi.

“Ya akhi, ka sauko,” ya ce. “Na ji ana cewa a wasu ƙasashe akwai dokar da ta hana a kori ma'aikaci kan irin wannan. A nan babu. Dokar da ta ambaci irin abin da ake zargin sa da shi, don ta kama shi ta ambata. In ka je ka faɗi dalilin korar da bakinka, kai ka miƙa shi.”

“To shi ke nan, sai mu zuba ido?”

“La, la. Abu ɗaya yake da shi, wanda kowane ma'aikaci yake da shi. Ba a korar mutum kan zargin rashin ɗa'a sai an zaunar da shi an ji ta bakinsa. Ku nemi a zauna. Mudirin da ke tsoron fitina, zai fi tsoron a ce ya tsallake nizami, wato ƙa'idar aiki.”

Na fito da ɗan wannan a hannu, kuma a idona bai taka kara ya karya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na biya wurin mahaifiyata. Na same ta tana tsinke ganyen lalo a faranti, na zube a gefenta na kwashe labarin duka na gaya mata. Ba ta daina tsinkar ba.

“Da ya yi ihun, wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu, Umma.”

“To da ya tsaya laluben ‘kai’ a aljihunsa fa, da yanzu ba a yi bakwai ɗin yaron ba?”

Na ce ai su 'yan gida abin kunya ne a wurinsu, namiji ya ce wa namiji “ke”. Ta kalle ni ta saman tabarau.

“Ji min shi. Kai da wace Hausar ka tashi?”

“Ni ai na daina, Umma.”

“Ka daina? Ɗazu da ka buge ƙafa da dokin ƙofata, me na ji ka ce?”

Na san me na ce, “wayyo ni 'yasu” ce ta suɓuce min. Can na rage murya na ce mata mutane suna cewa ba maganar kaɗai ba ce, akwai wani abin. A nan ne ta ajiye farantin.

“Yaron nan a cinyata ya sha yin barci. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, ban ji an ba mudirinku mabuɗinsa ba. Shinkafa aka ɗauke shi ɗagawa. Yana ɗagawa ko ba ya ɗagawa?”

“Yana ɗagawa.”

“To yalla, tashi ka je ka faɗa musu haka. Kuma ka tsaya ka ci abinci tukuna, ka rame.”

Ban rame ba, a lokacin ma tumbina ya fara fitowa, amma na ci.

Da aka koma aiki na gaya wa mudir cewa nizami ya ce sai an ji ta bakin ma'aikaci. Ya yi tsaki, ya ce tayyib, ya yarda a zauna. Muka haɗu a ofishinsa mu huɗu: shi, da matashin, da abokina, da ni a matsayin tafinta. Abokina ya sa farar jallabiyarsa ta zuwa masallaci, ya haɗe hannuwansa a cinya ya danne su, kamar yana tsoron kada su yi magana ba da izninsa ba. Ganin haka ya sosa min rai ƙwarai.

Mudir ya tambaye ni ma'anar abin da aka faɗa. Na gaya masa gaskiya, “ke” ita ce “inti”, abin da ake ce wa mace. Ya ɓata fuska. Na shiga bayani da Larabcina mai kyau, yadda muke koyon Hausa a bakin iyaye mata, yadda in mutum ya firgita abin da ya tashi da shi ne yake fitowa. Na ce direban nan bai taɓa fasa buhu ba, bai taɓa taɓa kowa ba, kuma ran mutum ya ceta. Mudir ya girgiza kai.

“Kai ma ai haifaffen nan ne. Shekara nawa muna tare, ban taɓa jin an yi maka dariya ba.”

Ya juya ga matashin ya ce in tambaye shi ko yana nan kan bakansa. Na tambaye shi da busasshiyar Hausata. Yaron ya ƙi kallon kowa, ya ce, “Malam, ka gaya masa ni dai a kore shi. Irinsu ba sa zama cikin maza.”

Na so in fassara, wallahi na so. Amma na kalli abokina na ga ya sunkuyar da kai, na tuna kular abincin da yaron nan da kansa ya sha cin rabonsa a ciki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tafa hannu, na riƙe haɓa, na ji bakina yana cewa:

“Oh ni 'yasu, yau nake ganin ikon Allah. Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah! Mutum ya fizgo ki daga bakin kabari, ya ciyar da ke da hannunsa, sakayyar ke nan? Ki raba shi da tsohuwar da ba ta gani? Wa ya rene ki, ba a koya miki kunya ba?”

Sai da na kai ƙarshe na ji abin da na faɗa. Ga ni tsaye, ƙaton mutum da gemu da tumbi, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a haɓa, a gaban mudirina. Sirrin da na yi shekaru ina ɓoyewa ya zube a ƙasa gaba ɗaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Matashin ya saki baki yana kallona. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya dafe ciki. Ban ankara ba sai na ga dariyar ta juye, hawaye suna bin fuskarsa, ya sa hannun riga yana gogewa.

“Malam,” ya ce da kyar, “wallahi haka innata take min faɗa. Har riƙe haɓar. Rabona da jin muryar nan tun da na baro gida.”

Mudir, da bai fahimci ko kalma ɗaya ba, yana ta raba ido tsakaninmu. “Esh fi? Me ya faru? Kuka yake ko dariya?”

Na ce duka biyun. Yaron ya share fuska ya ce in gaya wa mudir ya janye. Ya ce shi ba direban ne ya dame shi ba, sunan da aka liƙa masa ne ya hana shi sakat, shi baƙo, ba shi da wanda zai kai wa kuka. A nan abokina ya yi maganarsa ta farko tun shigowarmu. Ya daidaita murya, ya zaɓi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya.

“Ka yafe min, ɗan'uwa. Ban yi don in kunyata ka ba. Buhun na gani.”

Wannan “ka” ɗin da kyar ta fito, na ga yadda ya yi dakonta. Mudir ya ce tunda mai ƙara ya janye, halas, ba kora. Duk wanda ya sake kiran yaron da sunan nan zai gamu da shi. Sannan ya nuna abokina da yatsa ya ce daga yau a cikin sito Larabci kawai, kuma ya riƙa kula da kansa. Kowa a ɗakin ya gane abin da yake nufi.

Da muka fito, abokina ya ja ni gefen wata kwantena inda ba kowa.

“Kin san ba duka gaskiyar kika faɗa musu ba.”

“Na sani.”

“Ba za ki tambaye ni ba?”

Na ce masa, “Umma ta ce shinkafa aka ɗauke ka ɗagawa. Ni kuma abinci nake jira, yau me ka dafa?”

Ya kalle ni ya daɗe, idonsa ya ciko, sannan ya kai min duka a kafaɗa ya ce dambu ne, kuma ba zan samu ƙari ba.

Labarin faɗan da na yi bai kwana a ofis ba, don bangon ofishin katako ne. Na yi wata da watanni ana tafa min hannu in na wuce, na kuwa daure, tunda ni iƙamata ba ta cikin haɗari. Matashin nan ya zama na gaba a layin kular abinci. Wani lokaci in kewar gida ta dame shi sai ya raɓo ni a lokacin hutu ya ce, “Malam, don Allah ɗan yi min irin ta rannan.” Ni kuma in waiga hagu da dama, in yi masa faɗa kaɗan, ya tafi yana murmushi.

Abokina ya ci gaba da aikinsa. Gwaggo a hannunsa ta cika bayan wasu shekaru, shi ya ɗiga mata magani har ranar ƙarshe, a nan Jidda aka binne ta. Wannan kaɗai in na tuna, sai in ji tafa hannun da na yi bai faɗi a banza ba.

Amma ba zan ce muku mun ci nasara gaba ɗaya ba. Tun daga ranar, mutumin da ke cika sito da hira ya koma mai “na'am” da “tayyib”. Ya koyi tafiya a miƙe, ya koyi sa hannu a aljihu. An bar masa aikinsa, shi kuma ya biya da muryarsa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa sannu da wannan. Na kan yi tunanin da a ce yaron bai tuna da innarsa ba fa? Ba mu da wata doka da za mu jingina da ita, sai damar a zauna a ji ta bakinsa. Ita ma ban raina ta ba, don da ba a zauna ba, da ba a kai ga dariyar ba. Sai dai har yau yana damuna a ce zaman mutum a garin da aka haife shi ya rataya ga sa'a irin wannan. Shi ya sa yanzu da nake da mutane a ƙarƙashina, in aka kawo min ƙarar wani, tambayar Umma nake fara yi: aikin da aka ɗauke shi, yana yi ko ba ya yi?

Yanzu yana zaune a unguwar Bani Malik a nan Jidda, furfura ta kama shi kamar yadda ta kama ni. Muna waya kusan kowane mako, kuma daga kalmar farko nake gane inda yake. In ya ce “Salamu alaikum, ya akhi”, to akwai mutane kusa da shi, sai mu gaisa a taƙaice. In kuwa shi kaɗai ne a ɗaki, sai in ji ya sauke numfashi ya ce, “Ke, kina nan?”

Ni kuma in tashi in tura ƙofa, in ce, “Ina nan, 'yar nan. Ba ni labari.”